Idon da Ya Ƙi Hawa Kan Ido

Ranar Talata aka tsamo gawa daga magudanar ruwan dam, kusa da Taloka. Akwai tagwaye a garin masu kama ɗaya sak, Gidaɗo da Sodangi. Wanda ya zo duba gawar ya ce shi ne Sodangi, mamacin kuwa Gidaɗo ne. Aka binne.

Raunin ƙeyar mamacin ya tsaya wa Sufeto Siddiƙu a rai, amma ba shaida.

Bayan mako uku, Elisabatu, mai ɗaukar hoton cikin ido a wani asibiti a Goronyo, ta kira shi. Yana shiga ta rufe ƙofa.

"Yallaɓai, Sodangi na da ciwon suga. Duk wata shida nakan ɗauki hoton cikin idonsa, in ɗora sabo kan tsoho a kwamfuta, jijiya kan jijiya, don in ga ko jini ya tsattsafo. Jiya ya zo da katinsa. Duba."

Ta ɗora, ta juya, ta matsa. Jajayen jijiyoyin suka ƙi hawa juna.

"Ko injin ya lalace?"

"Sau biyar na gwada. Ko tagwaye kowa da nasa zanen. Wannan ba idon Sodangi ba ne."

A ƙofar gidan Sodangi Sufeto ya tarar da mutumin, Uwaliya matar Sodangi na bayansa.

"Malama, wanga mijinki na?"

"Shi na," ta ce.

Sufeto ya juya gare shi. "Wane ido anka ce maka ya fara lalacewa bara?"

"Na dama."

"Na hagu na, Gidaɗo."

Mutumin ya durƙushe, ya dafa ƙasa. "Hilin albasa na bakin ruwa tare munka share shi, amma sunan Sodangi kaɗai anka rubuta. Sau guda na buge shi da kwasar noma."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya danna masa ankwa, ya ja shi mota.

"Mi ya hana ki magana?" Sufeto ya tambayi Uwaliya.

"Ya ce in na buɗe baki, magudanar ba ta cika ba. Sai na dame shi cewa ranar asibiti ta yi, in bai tahi ba za a yi zargi. Na san matar nan ba ta mance ido." Ta share fuska. "Yallaɓai, ka gaya ma liman. Mijina na ƙasa mako uku, ban ko shiga takaba ba."