Farin Fenti a Bangon Makaranta

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda. An tsinci gawar malamin zane a gindin bangon makaranta, ƙeyarsa a kan simintin bakin kwata.

Sufeto ya iso yana jan ƙafa. Ya tsufa a aikin nan, kuma bai taɓa komawa gida daga bincike da farin ciki ba. Ya tsaya yana duban bangon. Tun farkon zango ɗalibai ke zana mutanen unguwarsu a jikinsa: ga tela da kekensa, ga ungozoma da jakarta, ga bakanike ya yi dumu-dumu da baƙin mai. A tsakiya kuwa wuri guda ne fari fat, kamar an rataya zanen gado.

"Me ke nan wurin a da?"

Shugaban makaranta ya share gumi. "Fuskar wata ɗalibarmu ce, ranka ya daɗe. Mota ta kaɗe ta bara a bakin ƙofar nan, ta rasu. 'Yan ajinsu suka ce sai sun sa ta."

"Wa ya shafe ta?"

"'Yan iskan gari mana! Malam ya kama su, suka ture shi."

Mutumin so yake laifin ya tsaya a wajen katanga, Sufeto ya san irinsa. Ya matsa ya duba farin. Gefensa a miƙe sak, ko ɗigo ɗaya bai gangaro ba. Ya kankara da farce, ya ga sau biyu aka shafa, kuma sai da na farko ya bushe aka ɗora na biyu.

"Ɗan iskan nan yana da haƙuri," in ji shi.

A ɗakin ajiya ya tarar da buroshin ɗalibai sun ƙame a cikin gwangwani, kowanne da busasshen fentinsa. Guda ɗaya ne, babba, aka wanke tas aka rataye a ƙusa, yana ɗigar ruwa. An buga murfin farin fenti ya rufu gam.

"Wa ke riƙe makulli?"

"Auta, ƙanwar marigayiyar. Ita ce ma ta zana fuskar."

Aka kawo Auta ofis, idanunta sun kumbura. Tun kafin a tambaye ta ta ce, "Ni na shafe, ni na ture Malam. Ku rufe ni."

"Kin san hukuncin kisa kuwa, 'yata?"

"Na sani."

Sufeto ya sa aka jingina katako, ya miƙa mata babban buroshin. "Shafe mini wannan."

Ta riƙe shi kamar fensir, tana ɗan dangwalawa. Fenti ya gangaro har kan takalminta. Sufeto ya karɓe buroshin, tausayi ya cika shi.

"Mece ce sana'ar babanki?"

Auta ta kife fuska a cinya, ta fashe da kuka.

Gidansu na tsallaken titi, tagar ɗakin na kallon bangon kai tsaye. Wata mata ramammiya na zaune a bakin tagar da kwanon abinci a rufe a gabanta. Ko sallamar da Sufeto ya yi ba ta amsa ba. Mijinta, mai fentin gidaje, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Ina kake yau da safe?"

"Wurin aiki, yallaɓai. Tun sassafe na fita."

"Wane gida?"

"Can... wani sabon gini."

"To. 'Yarka na bayan kanta. Ta ce ita ta kashe malaminta, gobe kuma zan kai ta kotu."

Tsumman ya faɗi ƙasa. Mutumin ya durƙusa a wurin.

"Wallahi ba ita ba ce! Makullin kawai na ɗauka a jakarta." Ya nuna matarsa. "Dubi uwarsu, yallaɓai. Ta fara samun sauƙi, sai yaran nan suka dawo mana da yarinyar a bango. Tun ranar ba ta bar tagar nan ba. Kullum sai ta zuba mata abinci tana kiranta ta shigo ta ci. Na roƙi Malam har da hawaye a shafe zanen. Ya ce bangon na yara ne, da shi suke rage zafin rashinta. Mu fa? Ina gama shafawa ya iso, ya riƙe mini hannu yana ihu. Na fizge, na hankaɗe shi. Ban yi nufin kashe shi ba."

"Mutum na kwance a mace, kai kuma ka tsaya wanke buroshi?"

Mai fenti ya dubi hannayensa kamar ba nasa ba. "Na wanke?" ya ce. "Ban ma san na wanke ba."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Sufeto bai ji daɗin komai ba. Za a saki Auta, amma ta dawo gidan da babu uba, babu yaya, uwar ma sai dai gangar jiki.

Suna fita matar ta ɗago kai a karo na farko.

"Baban yara, in ka fita ka dubo mini yarinyar nan. Tun safe ban gan ta ba, ga abincinta na hucewa."

Sufeto ya waiwaya ya dubi bangon. Mutumin ya iya aikinsa, ko inuwar idonta ba ta fito ba.