Fararen 'Ya'yan Dara Sun Sha Man Ja

Ku matso ku ji labarin wata yarinya 'yar Samaru, can wajen hanyar Bomo.

Yarinyar nan akwai ta da tsoro. Ko ƙwarya ta fasa, sai ta binne gutsuren a bayan gida, ta yi shiru abinta.

A makarantarsu akwai Malama Dinatu, mai koya wa yara darar Turawa, wadda ake ce wa ces. Ita wannan darar runduna biyu gare ta, farare da baƙaƙe, kowacce da sarki da sarauniya da dawaki da sojoji.

Wata rana Malama ta shigo aji tana murmushi.

"Ran Asabar za mu yi gasa," in ji ta. "Yaran Sabon Gari za su zo, waɗanda iyayensu suka zo daga wasu ƙasashe aikin jirgin ƙasa. 'Yan Gwalkos ƙungiyarsu daban, 'yan Saliyo daban, 'yan Dahome daban. Mu kuma mu ne Nijeriya."

Aji ya kaure da ihu.

Malama ta raba aiki. Wasu shara, wasu ɗebo ruwa, wasu jera benci. Sai ta miƙa wa yarinyar buhun 'ya'yan dara, sababbi fil daga wurin masassaƙi.

"Ke kina da natsuwa. Ki je da su gida, ki goge musu ƙura kawai."

"To, Malama."

Da ta isa gida ta zube su a tabarma, sai ta ga fararen sun bushe ƙayau, ba ƙyalli. Ta tuna duk ranar da Inna ta sayi sabon turmi, sai ta shafe shi da mai don kada ya tsage. Ta ce a ranta, ai waɗannan ma itace ne.

Ta leƙa madafa. Ba man kaɗe, sai man ja a kwalba. Ta tsiyayo, ta shafe su tas, farare da baƙaƙe.

Kafin la'asar fararen sun sha mai sun yi jajir. Can kuma suka yi duhu. In ka ajiye farin doki kusa da baƙi, sai ka rantse uwarsu ɗaya.

Ta zuba musu ido. In babu farare, yaya za a yi gasa? Ta kwashe su, ta cusa buhun ƙarƙashin gado.

Washegari Malama ta tare ta a bakin aji.

"Yaya 'ya'yan namu?"

"Suna nan lafiya, Malama," in ji ta, idonta a ƙasa.

A gida ko tuwo ba ta iya ci ba. Inna ta taɓa goshinta.

"Zazzaɓi ne?"

"A'a, Inna, ba komai."

Ran Asabar da safe Inna na shara, sai ta tsaya.

"Ikon Allah! Wannan layin tururuwa ina za su? Biki ake yi a ƙarƙashin gadonki?"

Ta jawo buhu. Ga mai ya ɓata gindinsa, ga tururuwa sun baibaye sarki da sarauniya. Yarinya ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Inna ta riƙe haɓa. "Man miyata kika ba dawakin katako? Da kin faɗa tun ranar, ai da tuni mun gyara. Ɗauki buhun, mu tafi. Da bakinki za ki gaya wa Malama."

Suna isa makaranta, motar Sabon Gari ta riga ta sauke baƙi. Kowa ya zauna a gaban allonsa na dara, an ci ado, ana jira. Ta je gaban Malama, ta buɗe buhu.

Malama ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan fari ne ko baƙi?"

"Da can fari ne, Malama. Ni na shafa musu mai. Kuma da kika tambaye ni, ƙarya na yi."

"Man bai dame ni ba kamar ƙaryar," in ji Malama. "Dubi mutanen nan, tun safe suke hanya. Juya ki ba su haƙuri."

Ta juya. Muryarta kamar ta sauro. "Ku yi haƙuri."

Sai wani yaron Gwalkos, sunansa Felix, ya ɗauki wani doki ya kai hanci.

"Kai! Wannan doki, a sa masa gishiri kawai, ni zan ci da doya!"

Kowa ya kwashe da dariya, har Malama.

Inna ta gyara ɗaurin zane. "Malama, a ba ni toka da ruwan zafi. Wani kuma ya ruga gidana, akwai farar ƙasa da na jiƙa zan shafe ɗaki."

Nan da nan aka hau aiki. 'Yan Saliyo na wankewa, 'yan Dahome na shanyawa a rana, 'yan Gwalkos na tsomawa a farar ƙasa. Ita kuwa aka ba ta aiki mafi wuya, ta ware waɗanda da can farare ne. Sai da ta kankare gindin kowanne da farce kafin ta gane.

Ba a fara wasa ba sai bayan azahar. Duk wanda ya riƙe farare, yatsunsa sun yi fari fat, wasu har da hanci. Ita ma ta buga wa Nijeriya. Felix ya cinye ta, amma 'yan Saliyo ne suka ɗauki gasar, aka yi ta tafa musu.

A hanyar gida ta riƙe hannun Inna, tana jin kanta sakayau.

"Inna, yunwa nake ji."

"Ai dole. To me kika koya?"

"In ban san abu ba, in tambaya. In kuma na ɓata, in faɗa da wuri, kada in ɓoye."

"Yauwa 'yata. Mu je, sai dai miyar yau ba mai."

Labarin ya tsaya nan, kowa ya riƙe nasa.