Lakcar Ranar Alhamis

Ummulkhair na tankaɗe a tsakar gidansu da ke Gumel, sai surukarta Hajiya Sabuwa ta zo ta tsaya a kanta.

"Ke, duk Alhamis sai ki shiga mota ki tafi jami'a. An ce ba ki yi rajista ba, ba kya jarrabawa, kwali ma ba za a ba ki ba. To me kike zuwa yi?"

"Saurare kawai nake yi, Hajiya. Malamin ne ya yarda in zauna a baya."

"Saurare! Matar aure a cikin samari, wai saurare! Tattara ki tafi gidanku."

Gaskiyar magana, mijinta Jamaluddeen ne ɗalibin. Tun rasuwar mahaifinsa Hajiya ta ce ya ajiye boko ya riƙe motar gida, shi kuwa ya yi rajista a ɓoye. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, yana can yana lodin dabbobi, sai Ummulkhair ta je ta rubuto masa lakca. Ya roƙe ta kada ta faɗa, ta kuwa ja bakinta ta yi shiru.

Da ya dawo aka gaya masa, gogan naka sunkuyar da kai kawai ya yi. Namiji ne a kan sitiyari, amma a gaban Hajiya ko tari ba ya iyawa.

Sati bakwai tana gidansu a Sule Tankarkar, kewa na cin su duka biyun.

"Ummu, ɗakin nan ya yi mini faɗi," ya ce da ita a waya. "Sori, ni na ja miki."

"Ni ma duk motar da ta yi hon sai na leƙa," ta ce. "Ka dai yi karatu, jarrabawa ta matso."

Ba ta fasa zuwa ba. Duk Alhamis tana kujerar baya, abin da ta rubuta ta ba direban Gumel ya kai masa.

Ranar da Hajiya ta ce ya rubuta wa Ummulkhair takardar saki, ranar ce tsoronsa ya ƙare. Ya durƙusa ya zube littattafai a gabanta, hawaye na zuba.

"Hajiya, ni ne ɗalibin. Ni take rubuto wa."

Hajiya ta daɗe tana juya shafuka. "Duk wannan hannunta ne?"

"Har na shekaranjiya."

"Na kore ta, na ɓata mata suna, amma ba ta daina ba? Kai kuma ka bar ta da zargi don ka tsira! Maganar karatunka sai na dawo. Tashi ka tayar da mota, bikon nan da ƙafata zan je."

Da Ummulkhair ta jiyo hon a ƙofar gida, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Mai haƙuri ba ya taɓewa, jama'a. Amma wanda aka rufa wa asiri, kada ya bari a kai sati bakwai kafin ya buɗe baki.