Firintar Shagon Madam Selina

Ranar wata Laraba a 1997, jajiberin kasuwar Maigatari, Ilu mai gyara ya shigo shagon buga takardu na Madam Selina da jakar kayan aikinsa. Zinariya, ma'aikaciyar shagon, tana zaune gaban kwamfuta, hannu a cinya. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarta, kuma tun daga lokacin komai ya zame mata ɗaya. Tana ci, tana salla, tana aiki, amma ba daɗi ba zafi.

"Sannu da aiki, malama. Me ya samu firintar?"

"Wani injiniya ya zo daga Kano ya sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa, wai don takardun Faransanci na 'yan Nijar," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Tun daga nan shirme take fitarwa."

Ilu ya kashe ta ya kunna, ya canja waya, duk a banza. Sai ya buɗe bayanta, ya saita wasu 'yan maɓallai da bakin sukundireba.

"Buga wani abu mu gwada."

"Me zan buga?"

"Abin da ke ranki."

"Babu komai a raina."

Bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya buga da yatsa ɗaya, takarda ta fito tsaf: "To Allah ya sa alheri a cikinsa."

Gyaran bai ɗore ba. Da an ɗauke wuta sai firintar ta manta saitinta, don haka duk Laraba sai Ilu ya taso daga Gumel. Kowane zuwa yakan bar mata takardar gwaji. Wata rana ta karanta: "Zinare, ban ce sai kin yi dariya ba. In shiru kike so, mu yi shirun tare."

Ta ninke ta sa a jaka. Ba ta ji komai ba, sai dai ta lura ta fara goge bencin da yake zama.

Ubale mai motocin lodi, wanda ya daɗe yana nemanta, ya je wurin mahaifinta Malam Ɗantsoho ya ce da gangan Ilu yake barin firintar a lalace don ya riƙa zuwa.

"Wanda zai ɓata kayan mutane don ya ga 'yata, ba zan ba shi ita ba," in ji Malam.

"To, Baba," ta ce. Ita ma ta ɗauka gaskiya ne.

Ilu ya daina zuwa. Bayan mako biyar injiniyan Kano ya dawo da wata ƙwaƙwalwar, ya ce ta farko da aibinta ta zo daga kamfani. Ya nuna wa Madam Selina wasiƙu uku da Ilu ya aika masa, yana roƙon a zo a canja ta. Madam ta rufe shago, ta kai wa Malam wasiƙun da kanta.

Malam ya karanta, ya tura aka binciko asalin Ilu a garinsu Sule Tankarkar, sannan ya kira 'yarsa.

"Kina son sa?"

Ta ce, "Baba, tun da Inna ta rasu ban san ina son wani abu ba. Amma duk Laraba ina duban hanya."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da yamma, motar kai amarya na shirin tashi zuwa Gumel, Malam ya riƙe hannun ango.

"Ilu, ba ta da yawan magana. Ka yi haƙuri da ita."

"Na sani, Baba. A haka na gan ta, a haka nake son ta."

Malam ya dafa ƙofar motar. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Zinariya ta leƙo daga cikin motar. Ta kama hannun mahaifinta ta taga ta riƙe gam, direba kuwa ya kashe mota ya jira.