Abin Da Aka Rubuta Cikin Fiffike

"Kashe injin! Bastien, kashe shi!"

Muryarta ba ta je ko'ina ba. Farfela ta riga ta ɗauka, ƙara ta cika filin, hayaƙin man zurma sai tuttuɗowa yake. Noémie ta yar da kofin da ke hannunta, ta kwasa a guje cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta sha gaban jirgin, ta gicciya hannuwanta a saman kai.

Taku biyar ne tsakaninta da farfela.

Injin ya yi tari ya mutu.

"Kin haukace ne?!" Baba Armand ya taho yana haki, hularsa a hannu. "Niƙa ki kike so ta yi a gaban idona?"

Ta zube a ƙasa tana kallon Bastien da ke zaune cikin jirgi, ya ture tabarau zuwa goshi, lafiyarsa ƙalau. Yana numfashi! Sai kawai ta fashe da kuka.

Shekara goma sha ɗaya mahaifinta, Baba Armand, ya yi yana haɗa wannan jirgi a rumfar ƙungiyarsu da ke bayan gonakin alkama. Mai fiffike biyu ne, sama da ƙasa, kwafin irin wanda kakansa ya tuƙa a yaƙin duniya na farko. Shi ya sassaƙa katako, ita kuma ta lulluɓe shi da yadi, ɗinki bayan ɗinki, har yatsunta suka yi kanta. Da aka gama, idon tsoho ya riga ya ƙi, ko da yake wanda duk ya faɗa masa haka ya shiga uku. Dole aka nemi mai tashin farko.

Thierry yake so, matuƙin manyan jirage, mai agogo kamar faifai, wanda tuni ya zaɓa wa 'yarsa a ransa. Thierry ya ce wai wurin aikinsa sun hana. Saura Bastien, ɗan gidan burodi, wanda duk ƙungiyar babu wanda ya kai shi sanin ƙananan jiragen nan marasa birki.

Tsoho ya ba shi jirgin yana shan kunu. Da Bastien ya zo neman 'yar kuwa, cewa tsoho ya yi, "Mai garin fulawa a gira ba zai zama surukina ba."

Noémie ba ta damu da wannan ba, ta san halin babanta. Abin da ya karya ta shi ne maganar da Thierry ya raɗa mata kwana tara da suka wuce.

"Tausayinki nake ji. Da kunnena na ji Bastien yana cewa ke ce ƙofar shiga jirgin. In ya tashe shi, shi ke nan an gama da ke."

Tun ranar ta haɗe rai. Bastien ya kira har ya gaji. Kullum da safe sai ta tarar da burodi mai zafi a bakin taga, kullum sai ta tura wa gwaggonta Huguette, wadda ba ta taɓa cewa a'a ba. Yau ma Noémie ƙin riƙe bakin fiffike ta yi, ta tsaya can ƙofar rumfa, wai ita ba ruwanta.

Amma idonta yana kansa.

"Ki yi magana mana, 'yar nan!" in ji Gwaggo Huguette tana girgiza ta. "Mene ne?"

Noémie ta share hawaye da bayan hannu. Karo na farko cikin kwana tara, ta dube shi ido cikin ido.

"Bastien... kai sandar tuƙi dama."

"Noémie, na riga na..."

"Na ce ka kai ta dama!"

Ya kai.

A bayan kowane fiffike akwai ɗan leɓe mai motsi, shi ke karkata jirgi a sama. In an kai sanda dama, leɓen dama ɗagawa yake. Wannan ko mai share rumfa ya sani.

Leɓen dama ya yi ƙasa.

"Hagu," ta ce.

Ya kai hagu. Na hagu ya yi ƙasa.

Kowa ya gani. Mutum ashirin ne a wurin, duk masu haɗa jirage, babu wanda yake bukatar bayani. An gicciya wayoyin da ke haɗa sanda da leɓɓan fiffike. Da ya bar ƙasa, iska ta ɗan taɓa shi, ya ce zai gyara, da hannunsa zai kifar da kansa cikin alkama.

Gwaggo Huguette ta dafe ƙirji. "Allah na gode maka... Allah na gode maka!"

Bastien ya sauko a hankali. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya jingina da taya, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarsa fari fat kamar garin fulawar gidansu.

"Daga can kika gani?" ya tambaya.

"Da ka ce 'dama' kafin a tayar da inji, na ga ya yi ƙasa. Sai da farfela ta ɗauka abin ya faɗo mini." Ta kai masa duka a ƙirji. "Kai ina idonka yake? Ina idonka yake, Bastien?!"

"Yana ƙofar rumfa," ya ce a hankali.

Ta sake ɗaga hannu, amma wannan karon ba ta iya dukan ba.

Shugaban ƙungiya ya yi gyaran murya. Dokarsu ɗaya ce tun kafa ƙungiyar: wanda ya ɗaura waya ba ya duba aikin kansa, sai ido na biyu ya bi ta tun daga sanda har leɓe, ya sa hannu. "Wa ya ɗaura? Wa ya duba?"

Noémie ta dubi babanta. Ta sani. Ran Laraba ya kulle kansa a rumfa shi kaɗai, tabaraunsa kuwa a kan teburin cin abinci ta tsince shi. In aka tabbatar, ba za a sake barinsa ya taɓa jirgi ba.

"Laifina ne," in ji Bastien da sauri. "Ni ne matuƙi. Ni ya kamata in gani."

"To, kun ji da bakinsa!" Thierry ya cafe. "Na sha faɗa, mai burodi ya tsaya a tanda. Baba Armand, kada ka sa damuwa a ranka, yaron ne bai..."

"Wa ya tsaya a bakin fiffike ya amsa masa da 'daidai'?" Gwaggo Huguette ta katse shi. "Ni dai kunnena bai mutu ba. Kai ne, mai agogo."

"Ai... na ga yana motsi..."

"Wutsiyar kare ma tana motsi."

Wani ya tuntsire da dariya, irin dariyar wanda tsoro ya saka yanzu-yanzu. Shugaba ya buɗe takardar dubawa ya juya ta kowa ya gani. Sa hannun Thierry ne, ƙato, har da ado a ƙarshe.

"Baba ya ce komai daidai ne," Thierry ya shiga kame-kame. "Ni zan tsaya bin bayan aikin babba? Girmamawa ce!"

"Girmamawarka ta kusa sa ni kashe ɗan mutane."

Baba Armand ne.

"Ni na ɗaura. Ba tabarau na ɗaura, don kada a ce na tsufa. Shi kuma na kira shi ya duba ne don na san ba zai musa mini ba." Ya juya ga Bastien. "Kai kuma wa ya aike ka ɗaukar kayan da ba naka ba?"

"Shekara goma sha ɗaya, Baba. Ban so ta ƙare haka ba."

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da hularsa. Thierry kuwa ya tuna yana da wani uzuri a gari, ba wanda ya raka shi ko da ido.

Aka tura jirgin cikin rumfa. Gwaggo ta baza cuku da burodi a kan benci, mutane suka hau ci kamar sun kwana da yunwa, kowa na ba da labarin abin da duk suka gani tare. Wayoyin a can cikin gindin fiffike suka gicciye, ba yadda za a kai gare su sai an yanka yadi.

"Ni na ɗinka," in ji Noémie. "Ni zan yanka."

Bastien ya miƙe zumbur. "A nan za ki yanka? Ba za a iya ta ƙasa ba?"

"Me ya sa?"

"Ba komai... kawai dai..."

Ta harare shi, ta sa reza.

Masu haɗa jirage suna da wata al'ada. Kafin a rufe fiffike, duk wanda ya sa hannu a aikin yakan yi rubutu da fensir a jikin babban katakon ciki. Ba don a karanta ake yi ba, don yadi yakan shekara ashirin ba a buɗe shi ba. Ta ga sunan babanta. Ta ga na marigayiya mahaifiyarta, wanda shi ya rubuta mata. Can ƙasan katako, inda mai ɗinki ba za ta gani ba sai ta leƙa, ga wani karkataccen rubutu da ta sani sarai. Kwanan watan na bara ne, tun kafin a san wa zai tuƙa.

Ta karanta sau ɗaya. Ta sake karantawa.

"Me aka rubuta?" Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarta, ta kuwa karanta da ƙarfi, don ita ba ta san asiri ba:

"Ya Allah, tsoho ya riƙe jirginsa, ko taɓawa ba sai na yi ba. Mai ɗinkin nake so."

Rumfar ta kaure da shewa. Bastien ya rufe fuska da hularsa ta fata.

"Sai nan da shekara ashirin ya kamata ki gani," ya ce ta cikin hula. "Lokacin muna da jikoki."

"Jikoki a shekara ashirin? Gaggawar me kake?" in ji Gwaggo.

Noémie ta janye hular daga fuskarsa. Wani sanyi ne ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa, nauyin kwana tara ya sauka gaba ɗaya.

"An ce mini ni ƙofa ce... ƙofar shiga jirgi."

"Wa ya ce?"

"Ya tafi uzuri."

"Kuma kika yarda? Haba, rabin raina! Tambayata kawai za ki yi."

"Tsoro na ji kada ka ce haka ne." Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, inda ta doka ɗazu. Zuciyarsa na bugawa, ta tsaya tana saurare. "Ka yafe mini, masoyina."

"Ke da kika tsaya gaban farfela saboda ni? Kada ki sake! Kin ji? Kada ki sake!"

"Kai ma ka dinga kallon fiffike."

"To ki dinga tsayawa kusa da shi."

Gyaran murya suka ji a bayansu, suka rabu da sauri. Baba Armand ne, kuma ga abin mamaki, tabarau a hancinsa, a gaban kowa. Ya sunkuya ya karanta rubutun da kansa, a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Rubutunka kamar tafiyar kaza," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Wayoyin nan kai za ka ɗaura. 'Yata ce ido na biyu. Ni zan riƙe muku fitila, in shugaba ya yarda." Ya miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Huguette, fensir."

Ya daɗe a sunkuye, ga shi kalmomin ba su da yawa. Da ya ɗago, ya soke fensir a bayan kunne, ya nufi benci yana mitar an cinye masa cuku.

Noémie ta leƙa cikin fiffike. A ƙarƙashin rubutun Bastien, da manyan baƙaƙe masu rawa, an rubuta:

"Na ba ka duka biyun. Ka dawo mini da su lafiya."