Sanarwar Ƙarfe Bakwai

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba, Madam Afiniki Ishmael ta faɗo ofishin 'yan sanda a Kafanchan, ɗankwali a hannu, tana warin kananzir kamar risho.

Sufeto Azariya Zamani ya tura mata kujera. Shekararsa ashirin da shida cikin kaki, har yau wayarsa mai madannai ce, kuma yana alfahari da hakan fiye da kima.

"Yallaɓai, sun kashe ni! Kwali arba'in na garin citta, duka an zuba ma shi kananzir. Asabar ne baje koli a Abuja. Wata takwas ina neman wannan rumfa!"

"Yaushe kika gani?"

"Ƙarfe tara. Kullum shida da rabi nake buɗe sito, amma uwar shugaban zumuntan mata ta rasu, sai muka yi sammako zuwa Fadan Kagoma gaisuwa."

"Wa kike zargi?"

"Lai'atu mana! Shagon ta na kallon nawa. Tun da Ubangiji ya ɗaga ni ba ta amsa gaisuwa na."

Sufeto bai rubuta sunan ba. Ya daɗe da sanin cewa mai ƙara kan zo da ɓarawonsa a aljihu.

Suka tafi tare. Siton yana bayan shagonta. An farke kwalayen ɗaya bayan ɗaya, an tuttula musu kananzir, babu wanda aka tsallake. Ba a ɗauki ko tsinke ba. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Rosemary, 'yar ƙanin baba na. Amma cire ta, Yallaɓai, tare muka tashi."

A bangon shagon an manna wani faffaɗan kwali, an ja masa layi gida bakwai da biro ja. Litinin, hoton gona. Talata, yadda ake dafa shayin citta. Laraba, saura kwana uku, hoton Madam da kwalaye. Alhamis, mu biyu. Kowane gida an rubuta ƙarfe bakwai na safe a gefensa.

"Wannan fa?"

"Jadawalin shafin mu ne na Fesbuk. Aikin Rosemary ne. Ran Lahadi bayan sujada take shirya na sati guda, ta sa kowane a layi da lokacin shi. Ko tana barci zai fita da kan shi. Ta ce bakwai ne mutane suka fi duba waya."

"Ina take?"

"Ta shiga motan shida zuwa Sabon Tasha, karɓo sitika na kwalaye. Tara da minti goma na kira ta na faɗa mata. Har kuka ta yi."

Sufeto ya tsallaka titi. Lai'atu tana zaune tana ƙulla citta a leda, fuskar nan a murtuke.

"Ni ban san shafin ta ba ma," in ji ta tun kafin a tambaye ta.

Wayarta na kan tebur, kuma fuskar Afiniki ce ke murmushi a jiki. Sufeto ya kalli wayar, ya kalli Lai'atu. Kallon ɗan sanda ya fi mari zafi.

"To, ina dubawa! Laifi ne? Ni na riga ta fara citta a layin nan, yanzu kowa Afiniki, Afiniki."

"Jiya da yamma kina ina?"

"Gida."

"Mai shagon kusa ya ce ya gan ki kin zagaya baya."

Babu wani mai shago da ya faɗa masa haka, amma ƙugiyar ta kama. Lai'atu ta sunkuyar da kai.

"Wajen ƙarfe biyar ne. Na je bola in tsinci tsohon sitika na ta, in kai a yi mini irin shi. Allah ya gani, ban shiga ba. Ƙofan sito a buɗe kaɗan, ina jin muryan ta a ciki, sai na gudu."

"Da wa take magana?"

"Ba magana ba ne. Hiran da aka yi da ita a rediyo ran Litinin ne ake kunnawa a waya. Wuri ɗaya ake ta maimaitawa, inda ta ce, ni kaɗai da Allah na na kawo kasuwan nan inda yake. Na ce ji mata, har sauraron kan ta take yi."

Ƙarfe biyar ɗin jiya kuwa Afiniki tana wurin injin niƙa, mai injin ya shaida. Ta dage sai an kulle Lai'atu, har tana ambaton wani ɗan uwanta lauya. Sufeto ya ce ta ba shi zuwa yamma, ya tafi gida cin tuwo.

Matarsa Mildred, malamar firamare, ta ajiye masa tuwon acca da miyar karkashi.

"Ka kama wanda ya yi wa Afiniki ɓarna?"

"Ke kuma wa ya kawo miki zancen ofis?"

"Ji mutumin nan! Ba ni na faɗa maka da safe kana shan kunu ba? Ka ce uhum. Shekara ashirin ina magana kana uhum."

Lomar ta tsaya masa a hannu. Takwas saura kwata ya bar gida da safen nan, Afiniki kuwa sai tara ta ga ɓarnar.

"Miƙo wayar nan taki."

Mildred ta miƙa tana murmushin wadda ta ci gari. Ga sanarwar nan a shafin: a yi haƙuri, tsautsayi ya faɗa wa kayanmu, ba za mu samu zuwa baje koli ba. A ƙasanta an rubuta ƙarfe bakwai daidai.

Sufeto ya ji kunya ta kama shi, amma bai bari ta gani ba. Ya wanke hannu ya ɗauki hula.

Ƙarfe huɗu Rosemary ta sauka daga mota a ƙofar shagon da ƙunshin sitika. Doguwa ce mai sanyin murya, irin matan da a hoton biki kullum sai ka same su a layin baya. Ta rungume Afiniki tana hawaye.

"Malama Rosemary, wa ya sa sanarwar yau a shafi?" in ji Sufeto.

"Ni ce, Yallaɓai. Da Yaya ta kira ni na rubuta a mota."

"Ƙarfe nawa ta kira ki?"

"Tara da wani abu."

"Sanarwar ƙarfe bakwai ta fita. A lokacin Madam tana Fadan Kagoma, sito a kulle. Wa ya faɗa miki akwai tsautsayi?"

Ta ce agogon waya kan yi kuskure. Sufeto ya nuna kwalin bango da hularsa.

"Jadawalinki ya ce yau hoton Madam da kwalaye. Buɗe mana inda kike jera su, mu ga yaushe aka canza."

Ta buɗe. An cire hoton, an sa sanarwar a layi ranar Talata, ƙarfe biyar da minti arba'in na yamma.

Afiniki ta zauna daɓas a kan buhu. "Rosemary? Ke?"

"Na ɗauka shida da rabi za ki buɗe kamar kullum," in ji Rosemary. Hawayen sun ƙafe, muryar ta bushe. "Na so in bar ranan haka nan, amma shekara biyar ban taɓa barin shafin nan ya wayi gari babu komai ba. Kuma na kasa barin hoton ki ya fita kina dariya."

"Me na yi miki?"

"Wa ya ba kasuwan nan suna, Yaya? Wa ke kwanciya a kunya a gona don hoto ya yi kyau? Kowane kalma da mutane ke yaba ki a kai, ni na rubuta. Mutum dubu goma sha ɗaya na kiran ki mace mai basira, ni nake amsa musu na gode da sunan ki. Ban taɓa cewa komai ba. Sai ran Litinin kika ce ke kaɗai da Allahn ki. Sau talatin na saurara ko zan ji suna na."

"Baki ne ya suɓuce..."

"Kujera biyu aka ba mu a rumfan Abuja. Kin ce in zauna in tsare shago."

Lai'atu, da ta leƙo don ganin ƙwaƙwaf, ta ja da baya sumui-sumui. Ita ma ta san ciwon, sai dai nata a fili yake.

Sufeto ya karɓi makullin da wayar. Bai sa mata ankwa ba, ya dai buɗe mata ƙofar mota. Tausayinta ya kama shi, amma tausayi ba ya wanke kananzir daga citta.

Washegari yana shan kunu, Mildred ta miƙo masa wayarta. Wannan karon ya karɓa. Ƙarfe bakwai daidai, Rosemary na tsare bayan kanta a ofishin 'yan sanda, shafin ya saki abin da ta jera tun ranar Lahadi, kwana ɗaya kafin hirar rediyo.

Hoton mata biyu ne a gonar citta, kafaɗa da kafaɗa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙasa suna dariya. A ƙasa an rubuta: shekara biyar tare, ni da yayata.