Ranar Da Stanciu Ya Ja Linzami

"Baba, ai ya aiko gwaggonsa..."

"Gwaggonsa za ki aura?"

'Yata Voika ta ajiye min tuwon masara da cuku, ta juya min baya. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu muka rage a gidan nan, ga maƙerata a bakin hanyar Mizil zuwa Buzau, kuma ba ta taɓa juya min baya ba sai da Stanciu ya shiga tsakaninmu.

Babu wanda bai san Stanciu ba a hanyar nan. Shi ne mahayin karusar wasiƙu, yana zaune a kan dokin hagu, yana tafi da dawakai takwas da muryarsa da bulala kawai. Manyan Bukarest in sun iso zangon Mizil, inda ake canza dawakai, sunansa suke kira, wasu ma gara su zauna jiransa da a ba su wani. Shi ya sa sarkin zango ba ya sakinsa ko ranar Lahadi. Har waƙarsa ake yi a mashaya, shi da hularsa mai jan ƙyalle.

Ni kuwa ƙafafun karusa nake gyarawa, na san abin da hanyar nan ke yi wa mahaya. Da hannuna na sha jawo su daga ƙarƙashin karusar da ta kife. Na kuma ga matansu daga baya suna wankau a zango don su ci abinci.

A rawar kasuwar Mizil suka haɗu. Tun daga nan, da ta ji ƙarar bulalarsa daga nesa sai ta saki abin da ke hannunta ta ruga bakin rijiya. Ya wuce kamar iska, ya jefo mata tuffa ko zaren kitso, ƙura ta rufe shi. Soyayyar ke nan gaba ɗayanta.

Ranar da gwaggon tasa ta zo nema masa aure, na gaya mata cewa ba na ba da 'yata ga mutumin da ƙeyarsa kawai na sani. In da gaske yake, ya tsaya a ƙofata, ya sauko ƙasa, ya nema da bakinsa.

Voika ta ji daga ɗaki. Bayan matar ta tafi ta fito, idonta jajir.

"Baba, ka san dokar."

Na san ta. Tsakanin zango da zango mahayi ba ya tsayawa sai in ƙafar karusa ta karye. Wanda ya tsaya don kansa, sanda ce a tafin ƙafa, sannan a sauke shi daga sirdi har abada.

"Na sani," na ce. "Wanda ba zai tsaya neman aurenki ba, ranar da kike naƙuda ma wucewa zai yi."

"Kashe shi kake so ka yi..."

"Ke nake so ki rayu, 'yar lelena."

Ta daina cin abinci tare da ni. Ni ma abincin ba ya shiga. A zuciyata na tabbata ba zai tsaya ba, na ce za ta yi kukanta ta gama.

Wata rana da hantsi, lokacin tsinkar inabi, na ji bulalarsa. Daga yadda ƙararrawar dawakan ke kaɗawa na gane manzon yarima ya ɗauko, irin waɗanda ba sa yarda a shayar da doki ma a hanya. Voika na bakin rijiya. Sai na ji gudun dawakan ya canza.

Ita ma ta ji. Ta yar da guga ta shiga gefen hanya tana ɗaga hannu.

"Wuce! Stanciu, don Allah wuce!"

Ya ja linzami. Dawakan suka yi cirko-cirko a ƙofar maƙerata, kumfa na zuba daga bakinsu. Manzon ya leƙo yana zagi, yana rantsuwa sai ya sa an fasa masa ƙafafu. Stanciu bai ko dube shi ba. Bai dube ni ba ma. Ya sauko ya bi dawakan ɗaya bayan ɗaya, yana ja musu kunne, yana murza musu ido da tafin hannu, yadda mahaya ke yi don doki ya wartsake, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya gama zubar da duk abin da ya mallaka, dabbobinsa ya fara tunawa.

Sannan ya nufo ni. Ashe gajere ne, yana ɗingisa ƙafar dama da sandar karusa ta daɗe tana gugarta. Ya cire hular.

"Baba Neagu, ga ni a ƙasa," ya ce, muryarsa a dishe. "Na zo neman Voika."

"Ka san abin da ke jiranka a Buzau?"

"Na fi ka sani."

"To me za ka ciyar da ita?"

"An ce maƙerarka ba ta da mai zuga."

Voika na kuka tana dukan kafaɗarsa, tana ce masa wawa, tana ce masa masoyina.  Da ƙyar na ce na ba shi ita, ya hau ya tafi kafin manzon ya fito da bindiga.

Washegari na ɗaura shanu a amalanke muka tafi Buzau, ni da ita. A bargar dawakai muka same shi kwance a kan ciyawa, ƙafafunsa sun kumbura sun yi baƙi. Hular tana kan wani mahayi, an riga an sauke shi. Sauran mahayan sun zagaye shi suna tsokanarsa, wai ga zakin hanya mace ta sa masa takunkumi, amma ɗaya daga cikinsu yana share ido da hannun riga.

Voika ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta. Ya tambaye ta ko limamin coci zai yarda ya ɗaura auren ango a zaune. Ta ce in ya ƙi, ita ma a zaune za ta yi.

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Na juya masa baya na durƙusa.

"Baba, zan iya..."

"Ba za ka iya ba. Riƙe wuyana da kyau, ɗana. Gida za mu."